Zulumi da Fasaha a Cikin Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane, cewa fasihi ba ya rasa 'yar taɓuwa. A ƙasar Hausa, in makaɗi ya gawurta har ya gagari tsararrakinsa, sai ka ji ana raɗe-raɗin wai aljani gare shi, shi ke ba shi waƙa da dare. Larabawan jahiliyya ma haka su ka ɗauka, kowane sha'iri da nasa shaiɗani mai yi masa shifta. Girkawan da kuwa sun bar wani littafi da a ke danganawa ga Aristotal, inda a ke tambayar dalilin da ya sa waɗanda su ka yi fice a waƙa da falsafa su ka cika baƙin rai. Mutanen zamanin nan sun sake wa maganar riga. Sun daina cewa aljani, sun koma cewa zulumi ne da yawan saƙe-saƙen zuci ke haifar da fasaha. Nufin wannan takarda shi ne a auna wannan magana da waƙa guda wadda kusan kowa ya taɓa ji a ƙasar Zazzau, watau Imfiraji.

Dalilin zaɓen ta ba boyayye ba ne. Duk wanda ya san garuruwan arewacin Zazzau, Ikara da Makarfi da Kudan da Hunkuyi, ko ya taɓa yada zango a Tashar Yari bisa hanyar Kano, ya san cewa ba a littafi yawancin mutanen wurin su ka fara gamuwa da Imfiraji ba. A bakin makafi su ka ji ta, ran kasuwa, tsakanin kurar rake da masu tallan mazarƙwaila, ko a ƙofar gida da hantsi, ɗaya na ja ɗaya na amsawa. Waƙa ce mai yawan ambaton mutuwa da kabari da hisabi, amma ga shi ana rera ta a wurin ciniki, mata na miƙo sadaka, ba wanda ya ke toshe kunne. Abin tambaya ke nan, yaya waƙar da ke cike da abin tsoro ta zama abin da a ke marmarin ji.

An haifi Alhaji Aliyu Namangi a ƙasar Zazzau wajen 1894, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya yi karatun addini a hannun malaman Zariya ta hanyar ji da haddacewa, ya rasu a 1990. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara buga waƙoƙinsa na Imfiraji da boko a Zariya, guda tara ne kuwa aka fi sani a buge. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa a ke kiransa Dokta. Abubuwan da waƙoƙin su ka ƙunsa sanannu ne: yabon Annabi da begensa, halin duniya da yaudararta, mutuwa, kwanciyar kabari, tashin ƙiyama, wuta da aljanna.

Kafin a shiga cikin waƙar, ya kamata a tsaya a kan kalmomi, domin yawancin ruɗanin da ke cikin wannan batu daga nan ya ke tasowa. Turawa kan haɗa abubuwa da dama a ƙarƙashin kalma guda, Bahaushe kuwa ya rarrabe su. Tsoro yana da abin da a ke jin sa a kai, ana tsoron kura, ana tsoron Allah. Fargaba kuwa jiki ta ke kamawa. Asalin kalmar ma ya nuna haka, don daga faɗuwar gaba ta fito, aka haɗa faɗ da gaba, sa'an nan ɗ ya koma r sabo da ya zo a ƙarshen gaɓa, kamar yadda ya saba yi a Hausa. Zulumi shi ne doguwar damuwa a kan abin da bai zo ba tukuna, mai zulumi yana zaune lafiya amma zuciyarsa ta riga ta tafi gobe. Waswasi aro ne daga Larabci, ma'anarsa ta fari raɗa ce, kuma ko ba a san Larabci ba, maimaita gaɓar da ke cikin kalmar ya isa ya nuna abin da a ke nufi, watau magana guda ce ke ta dawowa. Sai kuma saƙa, wadda ita ce mafi amfani a nan. Bahaushe ya ce mutum yana saƙe-saƙe a ransa, ko ya kwana yana saƙawa yana kwancewa. Wannan fi'ili ɗaya ne da na masaƙi a bakin aikinsa. Harshen da kansa ya riga ya lura cewa mai zulumi da mai ƙirƙira sana'arsu ta yi kama, dukansu suna haɗa zaren da babu shi a fili su fitar da wani abu. Bambancin yana cikin kashi na biyu na maganar. Mai zulumi kwancewa ya ke yi, gari ya waye bai da ko ƙyalle.

Sunan waƙar kansa yana da abin faɗi. Daga Larabci ya ke, infiraj, watau yayewar baƙin ciki ko buɗewar abin da ya ƙuntata. Da ya shigo Hausa sai n ya koma m, domin f na Bahaushe da leɓɓa a ke yin sa, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda a ke yi wa kusan kowane baƙon suna. Tushen kalmar ɗaya ne da na Munfarija, ƙasidar nan ta Ibnun Nahwi wanda ya rasu a 1119, wadda malamai ke karantawa in al'amari ya tsananta. Ashe mawaƙin bai kira aikinsa tsoratarwa ba, ko da ya ke akwai tsoratarwa a ciki. Ya kira shi da sunan abin da ke zuwa bayan ƙunci.

To, me masu binciken zamani su ka gano game da fasihai da zulumi? A 1987 wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Nancy Andreasen, ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan marubuta 30 na wata makarantar koyon rubutu a Iowa. Ta sami kashi 80 cikin ɗari sun taɓa fama da ciwon da ya shafi yanayin rai, alhali a cikin waɗanda ta gwada su da su kashi 30 ne. Adadin ya yi amo ƙwarai, amma mutum talatin ba su da yawa. A 2013 Simon Kyaga da abokan aikinsa a Suwidin su ka duba bayanan mutane fiye da miliyan ɗaya. Abin da su ka samu ya rage wa maganar kaifi. Masu sana'o'in fasaha a dunƙule ba su fi sauran jama'a ciwon tabin rai ba, in ban da nau'i guda, mai sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki. Marubuta kaɗai ne aka ga sun fi saura yawan zulumi da baƙin ciki. Sa'an nan a 2015 Adam Perkins na Landan da waɗansu su ka kawo ra'ayin cewa tunanin da ƙwaƙwalwa ke ƙagowa da kanta, ba tare da wani abu ya faru a waje ba, shi ne tushen yawan damuwa, mai yiwuwa kuma shi ne tushen ƙirƙira. Ra'ayi ne su ka gabatar don a gwada, ba hukunci ba. Amma mai karatu zai lura cewa bai yi nisa da saƙar da Bahaushe ya ambata ba.

Abin da waɗannan bincike ba su taɓo ba, domin ba aikinsu ba ne, shi ne yadda saƙar ke zama tufa. A nan ne ilmin da Namangi ya tashi a cikinsa ya ke da magana. Malaman zaure ba su taɓa ɗaukar tsoro da waswasi abu guda ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi sukutum a cikin Ihya'u a kan tsoro da fata, ya nuna ana son su tafi tare, kuma tsoron da ya kai mutum ga yanke ƙauna ya wuce iyakarsa. Waswasi kuwa cuta a ke ɗaukarsa. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Risala, littattafan da ba a rasa su a zaurukan Zazzau, ya san hukuncin wanda shakka ta aure shi a cikin salla, watau kullum sai ya yi kokanton raka'a nawa ya yi. Ba a ce ya yi ta sakewa ba. An ce ya kau da kai daga shakkar, ya ci gaba, ya yi sujada bayan sallama. Malaman fiƙihu sun gane cewa biye wa waswasi ciyar da shi ne, don haka su ka yi masa iyaka da ƙa'ida. Wanda ya sha wannan karatu, in ya zo yin waƙa a kan abin tsoro, ya san tsoro abu ne da a ke aunawa.

Awon kuwa a bayyane ya ke a cikin Imfiraji. Waƙar ƙwar biyar ce, ɗango huɗu na fari suna da amsa-amonsu na cikin baiti, na biyar yana komawa ga babban amsa-amon da ke ɗaure baitocin. Karinta ramal ne, ƙafarsa gaɓa mai nauyi, sai marar nauyi, sai masu nauyi biyu. Abin sha'awa, kalmar Imfiraji ita kanta ƙafa guda ce cif ta wannan kari, wanda ya furta ta a hankali zai ji. Amfanin wannan tsari ga batun da a ke ciki shi ne, kowane abin firgita da mawaƙin ya ɗauko, ɗango huɗu gajeru kaɗai ya ke da su na yin ɓarna, a na biyar dole ya dawo gida. Mai waswasi ba shi da ɗango na biyar. Tunanin mutuwa in ya kama shi, ba inda zai ajiye shi, sai ya yi ta juya shi har asuba. Mai sauraron Imfiraji kuwa kunnensa ya riga ya san inda baitin zai sauka tun kafin a kai, sanin nan kuwa shi kansa kwanciyar rai ne, ko da abin da a ke faɗi mai ɗaci ne. Manoman rake na Kudan da Makarfi sun san ruwan rake in an matse aka bar shi sai ya yi tsami, sai an dafa an zuba a mazubi ya ke zama abin da za a kai kasuwa.

Akwai kuskuren da ɗalibai kan yi a nan, wanda ya kamata a yi wa tufkar hanci. Su kan karanta baitocin kabari da na wuta, sa'an nan su ce lalle wannan bawan Allah ya rayu cikin firgici, makanta ta sa tunaninsa ya yi yawa har ya riƙa ganin abin da masu ido ba su gani. Wannan karatu yana da daɗin faɗi, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Siffofin azaba da na ni'ima da ke cikin Imfiraji ba Namangi ya ƙago su ba. Gado ne. Sun zo daga Alƙur'ani da hadisi da littattafan wa'azi, sun bi ta hannun mawaƙan ƙarni na 19, irin su Muhammadu Tukur mai Baƙin Mari, da Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, da Muhammadu na Birnin Gwari. Mervyn Hiskett ya bi sawun wannan gado a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975, Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya yi digirinsa na uku a Landan a 1980 a kan waƙoƙin wa'azi kaɗai. Wanda ya duba ayyukan nan biyu zai ga tambayar kabari da siraɗi da mizani kayan aiki ne na kowane mai wa'azi, mai ido da makaho. Ba a shaidar ciwon mutum da kayan da ya tarar a gidansu. In da za a bi wannan hanya, da sai a ce duk malaman jihadi masu zulumi ne, alhali mutane ne da su ka kafa daula su ka tafiyar da ita.

Game da makanta kuma, gaskiya ne tarihi ya san makafin da su ka siffanta lahira. Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rayu daga 973 zuwa 1057, agana ta makantar da shi yana ɗan shekara huɗu, ya rubuta Risalatul Gufran inda ya zaga da mai karatu aljanna da wuta. Milton na Ingila ya makance wajen 1652, ya yi shiftar babbar waƙarsa ta faɗuwar Adamu aka buga a 1667. Sai dai abin da ya haɗa su da Namangi a fili shi ne hadda. Dukansu mutane ne da su ka tara karatu mai yawa a ka, su ka kuma iya riƙe dogon aiki a zuci har a sami mai rubutawa. Makaho mai waƙa ba shi da takardar da zai koma ya duba, dole kowane baiti ya zauna daram kafin ya wuce gaba. Zuciyar da ke tsalle daga wannan tunani zuwa wancan ba ta iya wannan aiki. Waƙa tara masu tsawo a kari guda shaidar natsuwa ce.

In ana neman inda ƙirƙirar Namangi ta kansa ta fi fitowa, sai a bar lahira a dawo duniya. A wurin siffanta halin mutane ne harshensa ke sakewa, ya bar Larabcin malamai ya ɗauko Hausar kasuwa da ta cikin gida, ya yi zambo, ya yi habaici, har mai sauraro ya yi murmushi a tsakiyar wa'azi. Wannan ne ya raba shi da yawancin magabatansa, waɗanda waƙoƙinsu kan yi nauyi da kalmomin aro har sai an yi wa mutum fassara. Shi ne kuma dalilin da ya sa makafi su ka ɗauki Imfiraji su ka bar waɗansu da ba su gaza ta ilmi ba. Mai shakkar wannan ya dubi Waƙar Keke, inda mawaƙin ya kai ƙarar keke gaban jama'a sabo da wahalar da ya sha a kansa. A duba lamarin da kyau. Makaho a bisa abin hawa mai ƙafa biyu, wani ke tuƙi, shi ba ya ganin rami ba ya ganin gangara, ba abin da ya fi wannan dacewa da fargaba. Mai zulumi da ya sami wannan abu, da ya ishe shi saƙar wata guda. Namangi ya mai da shi abin dariya, dariyar kuma har da kansa a ciki. Mutum ba ya yi wa tsoronsa dariya sai ya iya tsayawa gefe ya dube shi.

Ba a ce Imfiraji ba ta da aibi ba. Tana da tsawo, kuma akwai wuraren da jeren azabobi ko jeren ni'imomi ke yin yawa har kaifinsu ya dushe, baiti ya bi baiti ba tare da ƙarin komi ba sai cika lissafin da aka gada. A irin waɗannan wurare kari ne kaɗai ke jan waƙar, mai karatu da ido ya kan ƙosa, ko da ya ke mai ji da kunne bai cika lura ba. Wani abin kuma da ya fi wannan muhimmanci, ma'aunin tsoro da fata da aka ambata yana tabbata ne ga wanda ya ji waƙar da yawa. Mawaƙin ya kan tsoratar, sa'an nan ya koma ga yabon Annabi da fatan cetonsa, nan ne yayewar da sunan ya yi alkawari ta ke. Amma a kasuwa ba a rera waƙa tara. Baiti biyar ko goma a ke yi a wuce gaba. Wanda rabonsa ya faɗo a kan baitocin kabari kaɗai, in dama mai raunin zuciya ne, ya tafi gida da rabin magani. Wannan ba laifin mawaƙin ba ne, amma malamin da ke koyar da waƙar a aji ya kamata ya san da shi sa'ad da ya ke zaɓen abin da zai ba yara.

Maganar ta wuce aji ma. Tun daga shekarun 1980, da rubutun ƙagaggun labarai ya yawaita a Kano da sauran garuruwa, samari da 'yan mata masu rubutu sun yi yawa ƙwarai, yanzu kuma ga masu waƙa a situdiyo da masu sakin labari a waya. A cikinsu ba a rasa wanda ke fama da rashin barci da faɗuwar gaba, ya kuma ji an ce ai haka fasihai su ke, sai ya rungumi ciwon yana tsammani in ya rabu da shi basirarsa za ta tafi. Iyaye kuma a nasu ɓangare su kan ce iska ce ta taɓa shi. Binciken Suwidin ya nuna marubuta na cikin haɗari fiye da saura, har ma yawan masu kashe kansu a cikinsu ya ɗara na sauran jama'a da kusan rabi. Bai nuna ciwon ne ke yi musu rubutun ba. Hukuncin Risala a kan mai shakka ya fi kusa da abin da likitocin yau ke gaya wa mai waswasi, watau kada ya biye masa, ya nemi taimako, ya ci gaba da aikinsa.

Akwai aikin da ke jiran ɗaliban wannan sashe. Russell Schuh, masanin harshe na Amurka wanda ya rasu a 2016, ya nuna cewa karin waƙar Hausa a takarda da yadda a ke rera ta a baki ba kullum su ke daidaita ba, sai an saurari mai rerawa a ke gane yadda ya ke ja da yadda ya ke datsewa. Irin wannan sauraro ya kamata a kai kasuwannin Ikara da Makarfi da Kudan, a ɗauki muryoyin makafin da su ka haddace Imfiraji, a rubuta baitocin da su ke zaɓa da waɗanda su ke tsallakewa, a ga ko na tsoro su ka fi yawa ko na bege, a kuma lura da wanda ke sa hannu ya shiga aljihu. Waɗanda su ka ɗauki waƙar daga bakin mutanen da su ka yi zamani da mawaƙin sun manyanta, shekara fiye da talatin ke nan da rasuwarsa.